Wata Uku A Batsari: Abubuwa Shida Da Suka Fi Burge Ni

Duk ɗalibin da ke sauraron rediyo ya san sunan Batsari. Amma in aka ce ya faɗi abin da ya sani game da garin, da wuya amsarsa ta wuce labarin 'yan bindiga. Ba laifinsa ba ne, domin shekaru ke nan mutanen yankin suna cikin wannan jarrabawa, kuma ita ce ke kai sunansu bakin 'yan jarida. Sai dai garin da ake kwana ana tashi a cikinsa, ake noma, ake cin kasuwa, ake ɗaura aure, yara na zuwa makaranta, ya fi ƙarfin a taƙaita shi a labari guda.

Batsari hedikwatar ƙaramar hukuma ce a yammacin Jihar Katsina, tafiyar kamar awa guda a mota daga birnin Katsina. Jibiya na arewa da ita, Safana na kudu, ta yamma kuwa Dajin Rugu ne da iyakar Jihar Zamfara. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutum fiye da 200,000, a garuruwa irin su Ruma, Wagini, Karare, Kandawa da Madogara. Hakimin Batsari shi ke riƙe da sarautar Sarkin Ruma, na Safana kuma Yariman Katsina.

Ni a Kano na tashi. Aikin koyon koyarwa ne ya kai ni Batsari, inda na yi zangon karatu guda, daga ƙarshen damina zuwa shigowar hunturu, ina zaune a gidan gwaggona. Ga abubuwa shida da suka fi kwanta mini a rai, ko 'yan uwana ɗalibai za su ƙaru da su.

Duwatsu

Wanda ya taɓa zuwa Jos ko Mambila kada ya sa ran ganin irin waɗancan tsaunuka. Nan ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, sai dai kana cikin tafiya tsakanin gonaki ka ga dutse ya taso shi kaɗai, wani kamar an kife ƙwarya, wani kuma manyan duwatsu ne a ɗore kan juna har ka ce iska za ta ture su. Haka suke warwatse a faɗin yankin, daga ƙasar Batsari zuwa Safana da Kurfi, har Dutsin-Ma wadda sunanta ma ya faɗi abin da ke cikinta.

Masana ilimin ƙasa sun bayyana cewa irin waɗannan duwatsu a can ƙarƙashin ƙasa suka samu, daga narkakken dutse da ya huce a hankali. Daga baya ruwa da iska suka yi ta kwashe ƙasar da ta rufe su, shekaru aru-aru, har suka fito fili. Ko yanzu aikin bai tsaya ba. Rana ta gasa dutsen ya buɗe, dare ya yi ya tsuke, ruwa ya shiga tsagarsa, sai fatarsa ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Abin da na karanta a aji biyu na babbar sakandare ina hamma, ga shi na taɓa da hannuna. Gani ya kori ji.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda mutane suka mai da dutse abokin zama. Falalen dutse shi ne wurin shanya mafi tsafta. Da kaka za ka ga an baza barkono ja wur a gefe guda, kuɓewa da yankakken rogo a ɗaya gefen, yarinya na zaune da 'yar tsumagiya tana korar awaki. Kwarmin da ke jikin dutse yana riƙe ruwan sama kwanaki bayan an ɗauke, tsuntsaye su sha, yara su yi wasa. Da hunturu kuma, in rana ta yi ƙasa, dutsen ba ya saurin sakin ɗumin da ya tara, don haka zama a kansa kafin magariba ya fi shiga bargo daɗi.

Daga kan wani ɗan dutse da ke kusa da gari nakan hango gonakin dawa sun sunkuyar da kai, ga kuka da tsamiya da gawo a tsakaninsu, can yamma kuma wani duhu-duhu wanda shi ne bakin daji. Iyakata ke nan. Tun ranar da na sauka gwaggona ta gindaya mini sharaɗi: "Ɗan nan, dutsen da ba ka jin kiran sallar gari daga kansa, ba naka ba ne." Har na baro garin ban karya wannan doka ba.

Rogo

A Katsina in aka ce Batsari, bayan maganar tsaro, abin da ke biyowa shi ne rogo da dankali. Ƙasar yankin mai rairayi ce, tana karɓar su. Na ci rogo iri-iri a rayuwata, amma wanda aka haƙo da safe aka dafa da hantsi daban yake. Yana fashewa a hannu, garinsa fari fat, a barbaɗa masa ƙuli-ƙuli da yaji, a ɗan zuba man gyaɗa. Da kuɗi kaɗan ɗalibi zai ƙoshi a lokacin tara, ya koma aji ba tare da cikinsa na ƙugi ba.

Kun san cewa rogo baƙo ne a ƙasar Hausa? Asalinsa daga Kudancin Amurka yake, wajen ƙasar Burazil, Turawan Fotugal ne suka kawo shi gaɓar Afirka, daga nan ya yi ta shigowa ciki. Yau Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noma shi. Dankalin Hausa ma, duk da sunansa, daga nahiyar Amurka ya fito.

Mijin gwaggona, wanda muke kira Baba Malam, shi ya koya mini sauran. Ba a shuka rogo da iri, karansa ake yankawa a dasa. Yana jure ƙarancin ruwa. Akwai mai daɗi da ake dafawa a ci, akwai kuma mai ɗaci wanda ke da guba, sai an jiƙa shi, an matse, an shanya ko an soya kafin ya zama abinci, kamar yadda ake yi wa garin kwaki. Ya kuma ce mini wani abu da ban manta ba. Gero da dawa in sun nuna dole a girbe, in ba haka ba tsuntsu da gara su cinye. Rogo kuwa yana iya zama a ƙasa watanni yana jiran mai shi. A shekarun da manomi ba ya iya zuwa gona kullum saboda tsoro, amfanin gonar da ke iya jira ba ƙaramin rufin asiri ba ne. "Rumbu ne wanda ba a gani," in ji shi.

Ranar Kasuwa

Sau ɗaya a mako garin yakan sauya kama. Tun da sassafe babura da amalanke da motocin ɗaukar kaya ke shigowa daga ƙauyuka. Ga layin 'yan hatsi suna awo da tiya, ga tulin rogo da dankali ana loda wa motocin da za su nufi Katsina da Kano, ga maƙera da fartanya da lauje, ga masu igiya da tabarmi. A kara kuwa dillalai ne ke kai da komo tsakanin mai saye da mai sayarwa, har a yi "sallama", a biya la'ada. Jefi-jefi za ka ji harshen mutanen Maraɗi, tunda iyakar Nijar ba ta da nisa.

Wurin da na fi so shi ne inuwar masu fura da nono. Mata Fulani ne, da ƙorai fes-fes, a dama maka a gabanka, ka sha da ludayi. A nan za ka ga manomi Bahaushe yana tsokanar mai nono cewa ta cika ruwa, ita kuma ta rama da cewa geronsa ne ba ya da auki, a yi dariya a rabu. Wanda bai san yankin ba zai ɗauka Hausawa da Fulani sun daina ga maciji da juna gaba ɗaya. Gaskiya ne rikicin ya ɓata tsakanin mutane da yawa, kuma kowane ɓangare na da waɗanda ya rasa. Amma fura ba ta haɗuwa sai da geron manomi da nonon makiyayi, kuma kasuwar na tuna wa kowa haka duk mako.

'Yan kasuwar sun san darajar wannan rana domin sun ga lokacin da ta raunana. A shekarar 2021, cikin matakan tsaro, gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, har da Batsari da Safana, aka kuma katse layukan waya na 'yan watanni. Wani mai shayi ya ce mini a lokacin in kana son gaida ɗan uwanka da ke Legas, sai ka shiga mota ka je inda sabis yake. Da ka ji wannan, hayaniyar kasuwa sai ta zame maka abin godiya.

Harshe

Makon farko a aji na tambayi wani yaro ina abokinsa, ya ce, "Malam, shina gida, bai da lahiya." Na ce a kai masa littafinsa, ya ce zai kai "mashi". Daga nan na buɗe shafi na musamman a bayan littafina ina tara kalmomi: "tahi" a maimakon tafi, "mi" a maimakon me, "ɗiya" inda mu za mu ce 'ya ko 'ya'ya, "wanga" a wurin wannan, "hwara" a wurin fara. Su kuma ɗaliban suna dariyar Kanancina, suna kwaikwayon yadda nake cewa "yana nan".

Wannan ya ba mu darasi mai daɗi. Na nuna musu cewa Daidaitacciyar Hausa, wadda ake rubuta jarida da littattafan makaranta da ita, ta fi kusa da karin Kano, kuma ita za su yi amfani da ita wajen rubuta insha'i a jarrabawar WAEC da NECO. Amma Katsinanci ba kuskure ba ne, karin harshe ne mai cikakken tsari, kamar Sakkwatanci da Zazzaganci da Dauranci. Ɗalibin da ya iya na gida ya kuma iya na takarda, riba biyu ya ci. Wata yarinya a ajin ta ce, "To Malam, ashe mu ne da riba, kai ɗaya gare ka." Ban sami abin cewa ba.

Ga kuma gaisuwa. A nan ba a wuce mutum da ɗaga hannu kawai. Sai an tambayi gida, an tambayi gajiya, an tambayi sanyi, an tambayi iyali. Da safe kuma "an tashi lahiya?" ba al'ada ce kawai ba, tambaya ce ta gaske, mai yin ta na jiran amsa.

Hirar Tarihi

Bayan la'asar dattawan unguwarmu kan zauna a gindin wata bishiyar dalbejiya. Nakan durƙusa in gaishe su, in sami gefen tabarma. Da suka lura ina son labarin da, sai wani tsoho a cikinsu ya riƙa cewa, "Malam ƙarami, matso ka ji." In na ce, "Baba, ina jin ka," to hira ta buɗe ke nan har kiran magariba.

Yawancin labaransu a kan Ruma suke, tsohon garin da sarautar hakimin ta samo suna daga gare shi. Bayan jihadi ya ci Katsina a farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, aka shafe shekaru masu yawa ana gwabzawa tsakanin ɓangarorin biyu. Ƙasar Ruma na kan hanyar mayaƙa, don haka ta sha wuya ƙwarai. Garuruwa suka tashi, daji ya cinye gonaki. Waɗanda suka zauna kuwa suka zama mutanen fama, suka jingina da duwatsu da ganuwa. A cikinsu aka yi Ɗanwaire, barden da har yau in an ambaci jarumtaka a ƙasar Katsina sai sunansa ya fito.

Ni ma na kai musu nawa guzurin daga abin da na karanta. A shekarar 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya tashi daga Katsina zai je ƙasar Sakkwato. Saboda labarin mayaƙan Gobir, ayarinsu bai miƙe yamma kai tsaye ba, sai ya karkata ta Kuraye da Kurfi, ya sauka Zakka, wadda yanzu ke cikin ƙaramar hukumar Safana, sannan suka ratsa daji cikin ɗar-ɗar zuwa Zurmi. Wato fiye da shekara 170 da suka wuce, matafiyi na tsoron wannan dajin kamar yadda ake tsoronsa yau.

Amma labarin bai tsaya nan ba, kuma wannan ne abin da dattawan suka fi so in riƙe. Bayan yaƙe-yaƙen sun ƙare, mutane suka dawo, aka sare daji aka yi gonaki, aka kafa sababbin ƙauyuka. A shekarun 1960 aka keɓe gandun kiwo na Ruma-Kukar Jangarai domin makiyaya. Tsofaffin da nake zama da su sun yi ƙuruciyarsu a lokacin da mutum zai ɗauki gatari ya shiga daji neman itace ko zuma, ya kwana a rugar Fulani, a ba shi nono, gari ya waye ya dawo gida. "Mun ga lahiyar dajin nan da idonmu," in ji tsohon. "Abin da ya taɓa gyaruwa, kada wani ya ce maka ba shi gyaruwa."

Ɗalibai

Na bar wannan a ƙarshe domin shi ya fi komai tsaya mini a zuciya. A ajin da na koyar akwai yaran da ba a Batsari aka haife su ba. Daga ƙauyuka iyayensu suka taso lokacin da hare-hare suka tsananta. Mutanen yankin ba su manta da watan Fabrairun 2020 ba, sa'ad da aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar. Wasu makarantun karkara sun daɗe a rufe, don haka za ka ga yaro ya girme wa ajinsa da shekara biyu ko uku, ba don daƙiƙanci ba, sai don karatun ya yanke masa.

Duk da haka ban ga inda ake ƙishin karatu kamar nan ba. Akwai yaron da kan yi tallar rogo kafin ya zo makaranta, hannunsa da sauran ƙasa, amma bai taɓa zuwa ba tare da ya yi aikin gida ba. Akwai 'yan mata uku da ke karatu da littafin lissafi guda, kowace ta kwana da shi dare ɗaya ta miƙa wa ta gaba. Da na tambayi ajin abin da kowa ke son zama, na ji likita, na ji soja, na ji malamar asibiti, na ji lauya. Wani ɗan tsamurmurin yaro a baya ya ce shi malamin gona zai zama, ya karanta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, domin ya gano yadda za a yi rogonsu ya daina lalacewa kwana biyu bayan an haƙo shi. Wannan matsala ce ta gaske da manoman rogo ke fama da ita a ko'ina, kuma yaro ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ya riga ya sa ta a gaba.

Abin da waɗannan yara ke buƙata ba tausayi ba ne kawai. Suna buƙatar malamai da za su yarda su zauna, da littattafai, da hanyar makaranta wadda uwa ba za ta riƙa leƙe a ƙofar gida ba har sai ɗanta ya dawo. In aka bar ƙarni guda na yaran yanki ba karatu, to an yi wa rikicin gobe shuka tun yau.

Ga Mai Niyyar Zuwa

Ba zan ce wa kowa ya ɗauki jaka ya kama hanya haka kawai ba. Yanayin tsaro na sauyawa, wani lokaci a sami sauƙi, wani lokaci ya motsa. Wanda hidimar ƙasa, ko aikin koyarwa, ko zumunci ya kai shi, ya nemi izinin iyayensa, ya tambayi mutanen gari halin da hanya ke ciki kafin ya taso. Ya yi tafiyarsa da rana. Kada ya shiga daji ko ya hau dutsen da ke nesa da mutane don ɗaukar hoto. Ya sami dattijo guda ya riƙe shi uba, ya kuma ji maganarsa. Mafi daɗin lokaci shi ne daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da amfanin gona ya shigo gida, zafi ya ragu. Ya zo da rigar sanyi da man shafawa, domin hunturun yankin ba ya wasa.

Ku kuma 'yan uwana ɗalibai na Batsari da Ruma da Wagini da Safana da Runka da Zakka, ku ne kuka fi kowa sanin garuruwanku. Ku zauna da kakanninku tun suna raye, ku tambaye su sunan kowane dutse da dalilin sunan, ku rubuta. Ku rubuta yadda ake dasa rogo, da yadda ake cin kasuwa, da kalmomin da ba a ji sai a bakinku. Ku aiko wa wannan fili, sauran ɗalibai su karanta. In ba ku ba da labarin garinku ba, wasu za su bayar, kuma rabinsa kawai za su faɗa.

Allah Ya zaunar da ƙasar Ruma da sauran yankunanmu lafiya, Ya ba manyan gobe ilimi mai amfani.